Yadda Ake Shirya Tafiyar Hutu da Jariri, Daga Zaɓen Rana Har Dawowa Gida

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini ta bakin mutane daban-daban: "Muna so mu ɗan fita hutu, kwana uku ko mako guda, ga kuma jariri a hannu. Ta ina za mu fara?" Wasu ma sun riga sun haƙura, sun ce sai yaro ya yi wayo. Ni ban ga dalilin haƙurar ba, muddin lafiyar yaron ƙalau take. Na yi tafiya da ɗan wata huɗu, na yi da 'yar wata goma, na yi a mota, na yi a jirgi. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, jariri bai san an tafi hutu ba. Yunwa za ta zo masa a lokacin da ta saba zuwa, barci ma haka. Saboda haka lokutan shan nononsa da barcinsa su ne ginshiƙin tafiyar, sauran abubuwa a jikinsu ake rataya su.

Da gangan na jera matakan nan bi da bi. Kada ku biya kuɗin tikiti ko na masauki sai kun wuce mataki na huɗu.

1. Ku fara da watannin jaririn

Tafiya da ɗan sati shida daban, da ɗan wata tara daban.

Idan bai kai wata 3 ba, jikinsa bai yi ƙwarin jure cututtuka ba, kuma zazzaɓi a wannan lokacin ba abin jira ba ne. Ita ma uwar ba ta gama dawowa daidai ba, balle idan aiki aka yi mata. In har za a fita, a je kusa, wurin da babu cunkoso.

Tsakanin wata 3 da 6 shi ne lokacin da na fi so. Bai fara rarrafe ba, abincinsa yana jikin uwarsa, kuma da an goya shi sai barci.

Daga wata 6 zuwa shekara, aiki ya ƙaru: ga rarrafe, ga haƙora, ga ƙiwuya, ga abinci da za a riƙa haɗawa. Komai ya gani a ƙasa sai ya kai baki. Tafiyar tana yiwuwa sarai, sai dai tana bukatar ido huɗu.

A kula: kowane kamfanin jirgi yana da mafi ƙarancin kwanakin da yake karɓar jariri. Wasu daga kwana 7, wasu sai kwana 14, kuma bakwaini ko mai wata larura galibi sai da takardar likita.

2. Ganin likita, mako 4 zuwa 6 kafin tafiya

Mutane da yawa sai ana gobe tafiya suke tunawa da wannan, alhali wasu alluran suna bukatar lokaci kafin su fara aiki. Ku ɗauki katin riga-kafin yaron, ku gaya wa likita inda za ku da kwanakin da za ku yi.

Ku tambaye shi abu huɗu. Na farko, akwai allurar da ranarta za ta faɗo kuna can? In akwai, a san yadda za a yi da ita tun yanzu. Na biyu, ƙasar da za ku tana neman shaidar riga-kafin shawara? Wannan allurar daga wata 9 ake yin ta, ba a yi wa wanda bai kai wata 6 ba ko kaɗan, kuma katin shaidarta sai bayan kwana 10 da yin ta yake fara aiki. Na uku, ƙyanda: idan tana yawo a inda za ku, likita yana iya ba da allurar farko tun daga wata 6. Na huɗu, idan wurin yana da zazzaɓin cizon sauro, wane kariya ya dace da nauyin yaron da watanninsa?

Kafin ku fito, a auna nauyinsa, likita ya rubuta muku adadin farasitamol ɗin da ya dace da wannan nauyin. Ku manna takardar a jikin kwalbar. Ƙarfe biyun dare a baƙon ɗaki, yaro yana ihu, ba lokacin lissafi ba ne.

Gargaɗi: kada ku sa ranar tafiya washegarin allura. Yawancin alluran kan kawo ɗan zazzaɓi da rigima a kwana ɗaya ko biyun farko, ta ƙyanda kuwa nata zazzaɓin yakan zo ne bayan kamar mako guda zuwa kwana 12.

3. Zaɓen wuri: guda ɗaya tak

Kuskuren da na fi gani shi ne a ce za a kwana biyu nan, a kwana biyu can, a ƙarasa a wani gari na uku. Kowane sauyin masauki yana cinye rabin yini wajen naɗe kaya da warwarewa, sannan yaron ya sake fara sabawa da sabon ɗaki daga farko. Ku zaɓi wuri ɗaya ku yada zango, daga nan ku riƙa ɗan fita kuna dawowa.

Wajen zaɓen, ku duba nisan hanya daga ƙofar gidanku zuwa ƙofar masauki, ba awannin da ke jikin tikiti kaɗai ba. A tafiyar farko ni ba na son ya wuce awa huɗu zuwa biyar. Ku duba yanayin wurin a watan da za ku je, domin tsananin zafi da tsananin sanyi duka suna kulle ku a ɗaki. Sannan ku nemo asibitin da yake duba yara mafi kusa da masaukin, wanda yake buɗe dare da rana, ku rubuta sunansa da lambarsa a takarda, ba a waya kaɗai ba. Idan ya fi rabin awa a mota, ni sai in sake wuri.

4. Takardu

Idan za a tsallaka iyaka, jariri ko ɗan kwana nawa ne yana bukatar fasfo nasa na kansa, da biza idan ƙasar tana nema. Ƙasashe da yawa suna so ya zamana saura aƙalla wata 6 fasfo ya ƙare, don haka ku duba naku ma. Fitar fasfon jariri kan ɗauki lokaci, hotonsa kaɗai yana iya sa ku koma sau biyu, shi ya sa na ce a dakata da biyan tikiti.

Ko a cikin ƙasa ne, ku riƙe takardar haihuwa, domin da ita ake tabbatar da cewa bai kai shekara 2 ba. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai fita da shi waje, a riƙe takardar amincewar ɗayan da sa hannunsa. Wasu iyakokin suna tambaya. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, ku kuma yi kwafi ku sa a wata jakar daban.

5. Kuɗi da masauki

Shi kansa jaririn ba ya cin kuɗin tafiya sosai. A jirgin ƙasa da ƙasa, wanda bai kai shekara 2 ba kuma za a riƙe shi a cinya, yawanci kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, ban da haraji. A jiragen cikin gida kuma ko kyauta ne ko ɗan abu kaɗan. Inda kuɗin yake tafiya shi ne abubuwan da ke kewaye da shi: ɗaki mai faɗi, tasi a maimakon motar haya mai cunkoso, wanki, ƙarin kaya, famfas da madarar da aka saya a wurin baƙi da tsada. Ku rubuta su duka, sannan ku ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na jimillar a gefe, kada a taɓa sai larura. Idan ƙasar waje ce, ku yi inshorar lafiya ta tafiya, ku tabbata sunan jaririn yana ciki a rubuce.

Shawarata kuma, ku ɗauki tikiti da ɗakin da ake iya ɗage ranarsu ko fasawa, ko da sun ɗan fi tsada. Jariri yana iya kwana lafiya ya tashi da zazzaɓi ranar tafiya.

Masauki kuwa kada ku dogara da hotunan intanet. Ku buga waya, ku yi tambaya dalla-dalla: akwai gadon jarirai, kuma ana biyan kuɗinsa daban? Akwai firji a ɗakin? Akwai abin tafasa ruwa? Wuta tana ɗaukewa, kuma in ta ɗauke me ake yi? Ɗakin a hawa na nawa yake, akwai lif? Yana kusa da wurin kiɗa ko bakin titi? Ana yin wanki? Idan kwanakin sun haura uku, gida mai ɗan kicin da falo ya fi ɗakin otal guda, domin da yaro ya yi barci ƙarfe bakwai, a ɗaki ɗaya sai dai ku zauna cikin duhu kuna raɗa.

Gargaɗi: duk abin da aka yi muku alkawari a waya, ku sa a turo shi a rubuce. Mun taɓa isa wani masauki wajen ƙarfe goma na dare, yarinya ta yi lis a kafaɗata, wuyana duk yawunta. Na ce wa yaron da ke kanta, "Malam, ina gadon jaririn da muka yi magana?" Ya duba littafi, ya sake dubawa, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, guda ɗaya ne muke da shi, kuma an ba wasu tun da rana." Babu saƙon da zan nuna masa. Daren nan muka sauke katifa ƙasa, muka kwashe filalla gefe, na kwana ina farkawa ina laluba ta. Tun daga ranar ba na tashi daga gida sai saƙon yana cikin wayata.

6. Hanya

*In mota ce.* Jariri a kujerarsa ta mota yake tafiya, a baya, fuskarsa tana kallon bayan motar. Na san yadda hannu yake son riƙe shi, amma a burki mai ƙarfi ko karo, babu hannun da zai iya riƙe yaro, komai ƙarfinsa. Ku ɗaura kujerar kwana biyu kafin tafiya, ku girgiza ta ku ga ba ta motsi. Igiyoyin su kama jikinsa. Idan kuka iya tsunkule igiyar da yatsa biyu a kafaɗarsa, ta yi sako-sako. Kada a sa masa rigar sanyi mai kauri a ƙarƙashin igiyar. A ɗaure shi tukuna, sannan a lulluɓa masa bargo a sama.

Ku tashi a daidai lokacin barcinsa, bayan ya sha ya ƙoshi an canja masa famfas. Babba ɗaya ya zauna kusa da shi. Kada a wuce awa 2 ba a tsaya an fito da shi ya miƙe ba, ɗan makonni kuwa bai kamata ma ya kai haka ba, domin zaman kujerar yana sa kansa ya rinjayo gaba ya takura numfashi. Tafiyar da kuka saba yi a awa huɗu, ku lissafa ta a biyar da rabi.

Gargaɗi uku a nan, kuma kowanne na rai ne. Kada a ɗaura kujerar jariri a gaba inda akwai jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari. Kada a ciro shi a ba shi nono mota tana gudu, a tsaya. Kada a bar shi shi kaɗai a mota ko na minti biyu, ko da gilas a sauke, domin jikin jariri yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba nesa ba kusa ba.

Idan motar haya ce ko bas, ku biya kujera ɗaya ƙari. Idan mota za ku yi haya a can, ku tambayi kujerar jarirai tun kafin ku iso, ko ku tafi da taku.

*In jirgi ne.* Tun wajen sayen tikiti ake sa sunan jaririn, ba a filin jirgi ba. Babba ɗaya jariri ɗaya yake riƙewa a cinya, masu tagwaye su lura. Idan zai cika shekara 2 kafin ranar dawowa, a dawowar sai an saya masa kujera. A doguwar tafiya akwai ɗan gadon da ake maƙalawa a bangon da ke gaban layin farko. Kaɗan ne a kowane jirgi, kuma yana da iyakar nauyi, galibi wajen kilo 10 zuwa 11, don haka ku nema ranar da kuka biya tikiti. Ba a zaunar da mai jariri a layin ƙofar gaggawa. Yawancin kamfanoni suna bari a tura keken jariri har bakin jirgi, sannan su karɓa.

A wurin bincike, dokar da ta hana ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu ba ta cika shafar madara da abincin jariri ba, in dai daidai bukatar tafiyar ne. Ku fito da su a fili ku nuna. Ku canja masa famfas gab da shiga, domin banɗakin jirgi ɗan mitsitsi ne.

Kukan da jarirai suke tsalawa a jirgi yawancinsa kunne ne. Iskar da ke cikin kunne tana faɗaɗa idan jirgi yana hawa, tana matsewa idan yana sauka, inda aka fi jin ciwon, haɗiya ce take daidaita ta. Don haka a ɗan ja masa rai da nono har jirgi ya fara gudu a kan titinsa, sannan a ba shi. Sauka kuma tana farawa kusan rabin awa kafin a taɓa ƙasa. Da kun ji kunnenku ya toshe, nasa ma ya toshe, a ba shi nono ko fida. Idan yana mura mai ƙarfi ko ciwon kunne, likita ya duba shi kafin a hau.

A kula: kada a ba jariri maganin mura ko wani mai sa barci don ya yi shiru a hanya. Yana da haɗari ga numfashinsa.

7. Haɗa kaya: babbar jaka da ta hannu

Ku fara kwana uku kafin tafiya, da takarda da biro. Hanya mafi sauƙi: yini guda cur, duk abin da kuka taɓa don yaron ku rubuta shi. Abin da bai shiga takardar ba, da wuya a bukace shi a can.

Babbar jaka: kaya biyu zuwa uku na kowace rana (in akwai wanki, na kwana uku sun isa), kayan barci, hula da safa, tawul, sabulu da man da ya saba da su, zanin gadonsa, gidan sauro mai naɗewa, famfas wajen 6 zuwa 8 a rana, sabulun wanki kaɗan.

Jakar hannu ita ce wadda ba ta rabuwa da ku, kuma a haɗa ta kamar babbar jakar za ta ɓata ko tafiyar za ta ƙara yini guda. A ciki: famfas ɗaya na kowace awa biyu da ƙarin huɗu, tishu mai danshi, shimfiɗar canji, leda uku ko huɗu na ƙazantattun kaya, kayan jariri kala uku, zanin goyo, bargo mara nauyi, madara da fida, takardu, da magunguna: farasitamol na yara da sirinjin awonsa, abin auna zafin jiki, ƙullin ruwan gishiri da sukari na gudawa, man kurjin famfas, ruwan gishirin ɗigawa a hanci, da duk maganin da likita ya ɗora shi a kai.

Sai abu ɗaya da kusan kowa yake mantawa: rigar uwa da ta uba. Ɗana yana wata huɗu, jirgi bai fi minti ashirin da tashi ba, na ji ɗumi a cinyata. Kashi ya tsallake famfas, ya bi bayansa har ƙeya, ya ratsa zanina. Kayansa kala uku suna jakata, nawa duk suna ƙarƙashin jirgi. Awa uku na yi a haka, na rufa da bargonsa, shi kuma na naɗe shi a mayafina. Riga mara nauyi ba ta cin wuri, ku sa ta.

Keke ko goyo? Idan ɗaya za a ɗauka, goyo. Ba ya tsoron matakala, yashi ko cunkoso. Idan abin goyon gaba ne, fuskar yaron ta kasance a buɗe kuna ganinta, haɓarsa ba ta manne da ƙirjinsa ba.

8. Ciyarwa

Mai shan nono zalla, wato har wata 6, ba ya bukatar ruwa ko a garin zafi. A yawaita ba shi nono, uwar ta yawaita shan ruwa. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗakin da bai wuce digiri 25 ba, awa 24 a kula mai ƙanƙara, kwana 4 a firji.

Mai shan madarar gwangwani shi ne ke bukatar tsari. Ku tafi da irin wadda ya saba, wadda za ta isa har da ƙarin kwana biyu, domin ba lallai ku same ta a can ba. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. A hanya ga yadda ake yi: tafasasshen ruwa a filas mai riƙe zafi, garin a aune a busasshen mazubi, fida a wanke a rufe. Idan lokaci ya yi, a fara zuba ruwa, sannan gari, a girgiza, a sanyaya kwalbar a cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. A masauki, tafasa fida da kan tsotsonta na minti 10 ya wadatar in babu wata na'ura.

Gargaɗi: kada a haɗa madara tun daga gida a ce za a sha a hanya. Wadda aka haɗa ta kai awa 2 a waje, zubarwa ake yi, ragowar da ya sha ya bari ma haka. Ruwan roba shi ma sai an tafasa.

Wanda ya fara cin abinci, a tsaya kan abin da cikinsa ya sani. Hutu ba lokacin gwada sabon abu ba ne, domin in ƙuraje ko gudawa suka biyo baya, kuna nesa da likitanku. Zuma kuwa sai ya cika shekara.

9. Rabin awar farko a ɗaki

Kafin a buɗe akwati, ɗaya ya riƙe yaro, ɗaya ya durƙusa ya bi ɗakin da ido daga tsayin mai rarrafe. A ƙarƙashin gadon masauki na sha tsintar ƙwayar magani, murfin kwalba da fil. A ɗage wayoyin wuta da igiyar labule, a kawar da abin tafasa ruwa daga gefen tebur, a kulle ƙofar baranda da ta banɗaki, a zubar da duk ruwan da ke cikin bokiti.

Sannan wurin barci. A girgiza gadon jaririn a ga ba ya rawa, katifarsa mai tauri ce kuma ta cika shi ba rami a gefe. A shimfiɗa zanin da aka zo da shi daga gida, wanda ya riga ya kwana a kai, ƙamshin yana kwantar masa da hankali. A kwantar da shi rigingine, babu filo, babu tarin barguna. Kada gadon ya kasance a saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki. Don a san ko yana jin zafi ko sanyi, ƙirjinsa ko ƙeyarsa ake taɓawa, ba tafin hannu ba. Kada babba ya yi barci da shi a kan kujerar falo, komai gajiya.

Duk abin da kuke yi a gida kafin barci, ku yi shi a nan bi da bi: wanka, shafa mai, nono, 'yar waƙar da ya saba ji. Daren farko ko na biyu zai iya yawan farkawa. Idan agogon wurin ya bambanta da na gida da awa ɗaya ko biyu kuma kwanakin kaɗan ne, ku bar shi a kan lokacin gida.

10. Tsarin yini

Fita ɗaya a rana. Da safe bayan ya sha, a dawo kafin babban barcinsa na rana, in ya tashi da walwala a ɗan zaga kusa da yamma. Ranar isowa kada a sa mata komai.

Wanda bai kai wata 6 ba, ba a barin rana ta doke shi kai tsaye. Inuwa, hula mai baki da kaya marasa nauyi masu rufe jiki. Man kariyar rana na yara daga wata 6 ne. Kada a lulluɓe keken jariri da zani don yi masa inuwa, ciki yana turara kamar tanda. A yi amfani da rumfar keken, a bar iska tana ratsawa. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET ba a shafa wa wanda bai kai wata 2 ba, wanda ya wuce haka ma ban da hannu da kewayen baki da ido. A bakin ruwa kuwa, ko na wanka ne a roba, hannun babba ba ya barin jikinsa, domin ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya halaka jariri, kuma babu ƙarar da za a ji.

Kai kuma maigida, a nan maganar taka ce. Idan uwa ita ce da shayarwa, da wanka, da wanki, da tashin dare, to ba hutu ta je ba, ɗaki kawai aka sauya mata. Ku raba tun daga gida: kullum ta samu awa biyu nata ita kaɗai, ka ɗauki yaron ka fita da shi, kai ma ka samu naka. Idan da hali a tafi da kaka ko ƙanwa, a tafi, kuma a gaya mata tun farko irin taimakon da ake so.

11. Alamomin da ba a jira da su

A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan jaririn da bai kai wata 3 ba zafin jikinsa ya kai digiri 38. Idan numfashi yana sauri ko haƙarƙari yana shigewa ciki. Idan ya ƙi shan nono sau biyu ko uku a jere. Idan ya yi laushi yana wuyar tashi daga barci. Idan ya yi jijjiga. Idan akwai jini a kashinsa ko amai ya ƙi tsayawa. A gudawa, a ci gaba da ba shi nono, a riƙa ƙirga famfas: lafiyayyen jariri yana jiƙa kamar shida a yini. In fitsari ya ragu sosai, baki ya bushe, yana kuka ba hawaye, ko maɗiga ta faɗa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, a kai shi. Duk zazzaɓi a wurin da ke da sauro, ko bayan an dawo daga can, a yi gwajin jini, a kuma gaya wa likita inda aka je.

12. Dawowa

Daren ƙarshe a sake haɗa jakar hannu daga farko, kamar ranar tahowa. A nan ake yawan sakaci: famfas ya kusa ƙarewa, kayan canji duk suna cikin ledar wanki, filas babu ruwa. Ku ware kaya masu tsabta kala uku tun kwana biyu kafin nan. Da safe a duba firji, banɗaki da ƙarƙashin gado, nan fida da sirinjin magani suke maƙalewa, a cire zanin gadon da aka zo da shi.

Ku dawo da saura yini guda kafin komawa aiki. Barcin yaron yana iya rikicewa na kwana biyu ko uku. A mayar da shi gadonsa da lokutansa tun daren farko. Takardar kayan da kuka rubuta kuma kada a yar da ita: a soke abin da ba a taɓa ba, a ƙara abin da aka nema aka rasa, a ajiye ta a aljihun akwatin.